Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, shugabanni da 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata an yi su duka, ban da na watan azumi.

Babban aikin bana shi ne sauya motar kayanmu. Kowa ya san halin da tsohuwar ta shiga: shan baƙin mai, zafin inji, ga giya da ke ƙin shiga idan an loda diloli. Ranar da ta kwana a bakin hanya bayan Wudil da atamfofin mutane a ciki, ranar aka daina gardamar ko a gyara ko a sayar.

Kwamitin mutum uku ya duba Toyota HiAce da Mercedes Sprinter da Ford Transit. Sprinter ta fi ciki da tsayin rufi, kuma da yawanmu ita muka so. Abin da ya hana shi ne tana shan man gas, kuma idan ta yi ciwo sai an nemo mai na'ura ya duba ta. Wane ne zai nemo mana shi a Azare ko Potiskum da tsakar dare? HiAce mai injin fetur 2.7 kuwa, kayan gyaranta na nan birjik a Ƙofar Ruwa, kuma da wuya ka shiga gari ka rasa bakaniken da ya santa. Shi ya sa muka tsaya a kanta, ko da yake ɗaukarta bai kai na Sprinter ba. Mota biyu muka ƙi: ɗaya an juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, ɗayar kuma takardun kwastam ɗinta ba su kwanta mana ba.

Ranar da ta iso, wallahi ban taɓa ganin 'yan ƙungiyar nan cikin farin ciki irin wannan ba. Tun da hantsi aka cika ƙofar ofis. Liman ya yi addu'a, dattawanmu suka zagaya ta suna shafa bodi, iyayenmu mata suka aiko da waina da kunun gyaɗa ba tare da an roƙe su ba. Direbanmu, wanda ya sha wuyar tsohuwar fiye da kowa, sai da ya share hawaye. Washegari ta ɗauki kaya daga Kantin Kwari zuwa Potiskum, ta dawo ko ruwa ba a ƙara mata ba. Allah ya saka wa kwamitin da alheri, da aljihunsu suka yi zirga-zirgar.

Masu tambayar me ya sa aka sayi 'yar Kwatano maimakon sabuwa, kuma me ya sa aka ɗauki tsawon lokaci, su tuna cewa tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, Naira kuma ta faɗi a bayansa, kuɗin da muke tarawa kullum baya yake bin farashi. Sai da muka haɗa da kuɗin tsohuwar, Ma'aji kuma ya ranto cikon. Wannan bashi har yau yana wuyanmu.

Rumfar ajiye motar ba a yi ta ba, bulo ne kawai a jibge. Sa mata tukunyar iskar gas ma an dakatar, saboda babu kuɗi, kuma tukunyar za ta cinye wurin kaya. Ba sakacin kwamiti ba ne. Da kuɗin wata ake waɗannan ayyuka, kuma akwai waɗanda rabonsu da biya tun kafin babbar sallah. Na bi shago-shago, na kira waya, na yi magana a zauren WhatsApp har na ji kunya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wasu daga cikinsu su ne kan gaba wajen kawo kaya ranar lodi. Ni ma ina da shago da iyali, aikin nan don Allah nake yi.

Shugabanni sun amince cewa daga wata mai kamawa, ba za a loda kayan wanda ake bi kuɗin wata ba sai ya biya. Littafin yana wurin Ma'aji, kowa ya je ya duba nasa.

Sakataren ƙungiya