Wasiƙa zuwa ga Dogo: ɗan autan yatsana ya fara jin magana

Assalamu alaikum Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san wata bakwai ke nan ban rubuto ba, kada ma ka fara. Kai ɗin ma ai ba wasiƙunka ne suka cika mini ɗaki ba.

Tambaya ce ta sa na zauna rubutu: idan ka ɗauki jita, mene ne hannunka ke fara kaɗawa tun kafin ka yi tunani? Abin da ya jawo ta kuwa, a watan jiya wuyan hannuna na hagu ya kama ciwo, har buɗe ƙofa sai da dabara. Ka san halina, ina ɗaukar jita sai in afka wa kiɗan nan namu mai gudu, wanda ka ce kamar an koro akuya a kan kwano. Hannu da sanyi, jijiyoyi ba su saki ba, ni kuwa ina ta tsere da kaina. Kwana goma sha biyu jitar tana jingine da bango tana harara ta.

Da na samu sauƙi na koma wurin Malam mai koya mini jita ina tsammanin zai tausaya mini. Dariya ya yi, ya mayar da ni aikin 'yan koyo. Manuni a gaɓa ta ɗaya ta wuyan jitar, na tsakiya a ta biyu, mai bi masa a ta uku, ɗan auta a ta huɗu, a kan tsirkiya mafi kauri. Sai ka sauka zuwa ta gaba, har ka gama duka shida, ka juyo. Ya kunna metronom, na'urar nan mai ƙirga bugun kiɗa, a kan bugu 60 a minti, sauti ɗaya kowane bugu. Dogo, ban taɓa sanin daƙiƙa ɗaya tana da tsawo haka ba. Kuma a wannan tafiyar hawainiyar ne asirina ya tonu. Duk lokacin da na danna manuni, sai ɗan auta ya miƙe sama kamar mai neman izinin magana a aji. Shekara nawa ina kaɗawa, ashe da yatsu uku nake aiki, gudu ne yake rufa mini asiri.

Na ce wa Malam ai shahararren makaɗin jitar nan Django Reinhardt da yatsu biyu ya girgiza duniya, bayan gobarar da ta ƙona masa hannu a 1928. Ya ce shi wuta ce ta karɓe nasa, ni kuma lalaci. Ban sake magana ba.

Hannun dama ma bai tsira ba. Ya ba ni darussan Mauro Giuliani, ɗan Italiya, guda 120 da aka buga a 1812. Duk cikansu a kan dannawa biyu kacal suke, C da G7, hannun hagu yana kai da komo tsakaninsu, yatsun dama ne ke sauya salon tsinkar tsirkiya. Da farko na raina su. Yanzu ina na goma sha bakwai kuma babban yatsana ya daina buga tsirkiya kamar mai jin haushinta. Akwai kuma jerin matakalan sauti na Segovia, wani gwanin jita, amma Malam ya ce waɗannan sai na yi hankali.

Af, kafin in manta, Gajere ya sayar da amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin jita. Wai zai sayi babba. Wata uku ke nan, babu babba babu ƙarama, kullum yana wurina yana jona tasa jitar a tawa. Shi ne ma muka yi musu ranar Asabar. Ya ce shi ba ya buƙatar wani ɗumama yatsu, da ya saita tsirkiyoyi ya gama. Sai na zuba masa ido. Yana gama saitawa hannunsa ya zarce gaɓa ta biyar, ya hau matakalar nan mai sauti biyar ta A, ya sauko, ya ja tsirkiya ta uku ta yi kuka, daidai yadda yake yi tun muna haɗuwa a ɗakin Yaya. Ko sauti ɗaya bai canza ba. Da na gaya masa sai ya rantse bai san yana yi ba, kuma na yarda da shi.

Ni dai abin da na gani, yawancinmu abin da muke kira ɗumama hannu gaisuwa ce kawai tsakaninmu da jita. Muna kaɗa abin da muka riga muka iya don kunne ya ji daɗi, idan da mutane a wurin kuma su san ba yau muka fara ba. Ban ce laifi ba ne, ni ma har yanzu ina yi. Sai dai na mayar da shi na biyu. Minti goma na farko na ɗan auta ne, kuma shekaranjiya ya yi hawa da sauka sau uku a bugu 80 bai ɗaga kai ba. Na yi ihu har maƙwabciya ta leƙo ta taga.

Kantar yatsuna ta zube a kwanakin jinya, yanzu tana dawowa, zafi kamar sabon shiga. Yaya na gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran hoton yaran. Kuma kapo ɗina, abin matse tsirkiyoyin nan da ka ara "na kwana biyu" kafin ka tafi, ina sane. Idan mai zuwa ya samu ka ba shi, tare da tsirkiyoyin da ka yi alkawari, masu laushin, don hannun bai gama warwarewa ba.

Ka gaida Madam da yara.

Naka,
Mai akuya a kan kwano