Wasiƙar Godiya ga Python Software Foundation da Ƙungiyar Faster CPython

Zuwa ga shugabanni da ma'aikata masu kula da Python da masu ƙara masa sauri, gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Ni malamin kwamfuta ne a Kano, kuma ni ke haɗa wa wasu makarantu sakamakon jarrabawa da manhajar da na rubuta da Python, wato yaren rubuta manhajojin kwamfuta. Kwamfutata 'yar gwanjo ce, RAM ɗinta, wato ma'adanar da take aiki da ita, giga 4 kacal, batirinta kuwa ya tsufa. Da an ɗauke wuta sai in zuba wa agogo ido, ina addu'ar aiki ya kammala kafin ta mutu.

Da kuka fitar da Python 3.11 ranar 24 ga Oktoba, 2022, kuka ce ya fi 3.10 sauri da kashi 10 zuwa 60 cikin ɗari, sai na ce a raina ai talla ce. Na yi wata da watanni ban sauya ba. Ranar da na gwada, ko layi ɗaya ban taɓa a rubutuna ba, amma lissafin makin ɗalibai ya ƙare tun shayina bai huce ba.

Daga baya na bi diddigi. Ashe dabarar da Mark Shannon, ɗaya daga cikin masu gina Python, ya tsara a takardar shawara ta PEP 659 ce: injin Python yana lura da umarnin da ake yawan maimaitawa, idan ya ga kullum lambobi ake tarawa a wurin, sai ya musanya shi da gajeriyar hanya ta lambobi. Kamar mai shago da ya san abin da kake saye, tun kafin ka buɗe baki ya miƙo maka. Kun kuma rage wurin da kowane kiran aiki, wato sa wani sashen manhaja ya gudana, ke ci a ma'adanar kwamfuta, sannan a 3.12 na Oktoban 2023 kuka ƙara rage wa haruffa nauyi. Mai sabuwar na'ura ba lallai ya lura ba. Mu masu lallaɓa tsofaffi mun gani a ƙasa.

Ɗalibaina kuma sun fi murna da alamar ^^^^ ta 3.11 da ke nuna daidai inda kuskure yake a rubutun manhajarsu. Kiran "Malam, zo ka duba min" ya ragu sosai.

Jinjina ga Guido van Rossum da ya ƙirƙiro Python, da Pablo Galindo Salgado da ya jagoranci fitar da 3.11, da 'yan sa-kai da ban san sunayensu ba. Ko sisi ba ku karɓa daga gare mu ba. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin kwamfuta daga Kano