Yayana ya kira ni ɗan caca a gaban iyayenmu

Assalamu alaikum Malam, ina gaida kai da masu sauraro. Daga Jega nake, jihar Kebbi, don Allah a sakaya sunana.

Shekaranjiya Yayana ya tsayar da ni a zaure gaban Baba da Kawu ya ce ni ɗan caca ne. Kafin magariba maganar ta isa gidan yarinyar da aka sa mana rana, yanzu mahaifinta ya ce a dakata tukuna. Na san Yaya ne ya kai ta, ba wani ba.

Malam, kasuwancin canjin kuɗi nake yi ta waya, wanda ake kira forex. Ba irin MMM ba ne da ta cinye kuɗin mutane a 2016. Ni ban ba kowa kuɗina ya juya mini ba. Ni kaɗai nake zama da manhajar MetaTrader ina bin farashin zinare da dala, in saya in sayar. Sai da na daɗe a asusun gwaji kafin na sa ko sisi, kuma asusun da babu kuɗin ruwa na buɗe don gudun haram. Ɗan caca yana wannan wahalar?

Jarin ma na kaina ne, kasona na shinkafar rani. Fadamar Baba ce muke nomawa tare da Yaya, amma shi ke sayarwa, shi ke lissafi, ba ya nuna wa kowa takarda. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ɗin injin ban ruwa da taki suke cinye ribar, in ka yi magana ya ce ba ka da kunya. Shi ya sa na nemi abin kaina. Tun muna yara ba ya son ya ga na tsaya da ƙafata.

Asarar kuwa ta faru, ban ɓoye ba. Ranar wata Juma'a Amurka ta fitar da alƙaluman ayyukan yi, zinare ya juya cikin mintuna, kuma da yake dillali yana ba ka damar ciniki da ninkin abin da ka ajiye, asusun ya ƙone. Wani a zauren Telegram ne ya ce kowa ya saya. Kuɗin adashin Inna da na ƙara a kai aro ne, zan biya, Yaya ne ya mai da shi sata.

Wani malami ya ce mini haram ne saboda babu karɓa hannu da hannu, wani ya ce da sauƙi. Wannan zan bincika. Abin da ke hana ni barci shi ne, in je wurin surukina da kaina, ko in jira Baba ya huce ya tura Kawu? Kuma dole ne in ba Yaya haƙuri alhali shi ya tozarta ni?