Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Mawaƙan Ikilisiya

'Yan'uwa mawaƙa, maza da mata, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Kwamiti na gabatar muku da rahoton shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi a taro. Wannan takarda ta tsaya kan babban aikin da muka sa a gaba, wato rera waƙoƙin Kirsimeti da murya huɗu, kowa a kan layinsa.

An buɗe shekara da gwajin murya, mutum ɗaya bayan ɗaya a gaban kibod. Ana ɗaukar sautin C na tsakiyar kibod a matsayin do, a yi ta hawa. Macen da ta wuce do na sama ta kai mi ba tare da jijiyar wuyanta ta tashi ba, ta zauna a murya ta ɗaya, sofrano. Wadda muryarta ta fi cika a ƙasa ta koma ta biyu, alto. Haka aka raba maza tsakanin ta uku da ta huɗu, tena da bas. Mata da dama da suka daɗe a sofrano ashe alto ne, sabo da karin da kowa ya sani ne kawai ya zaunar da su a can. Komawa alto ba ragin matsayi ba ne. Rabon da kwamiti ke nema a cikin mutum 20 shi ne sofrano 6, alto 5, tena 4, bas 5, kuma har yanzu tena ce ba ta cika ba.

Daga bayan Ista zuwa Agusta, minti 15 na farkon kowane koyo na solfa ne, tsarin do re mi da John Curwen ya yaɗa a Ingila tun shekarun 1840. Amfaninsa a bayyane yake: do yana bin ki, wato sautin da aka gina waƙa a kansa, ko an sauke waƙa daga C zuwa B flat sunayen ba sa canjawa. Wanda ya iya karanta d r m f s l t, wato do re mi fa so la ti a taƙaice, ba ya jiran malamin waƙa ya zuba masa layi a kunne.

A Satumba aka shiga waƙoƙin Kirsimeti, koyo sau 2 a mako. Ga yadda ake bi da kowace waƙa. Kowace murya ta keɓe ta koyi layinta da solfa, ba kalmomi, har ta iya shi ba kibod. Sai a haɗa biyu-biyu, amma ba a fara da sofrano. Bas da tena tukuna, sannan bas da alto, sannan ukun tare. Sofrano ce ta ƙarshe, kuma a zagayen farko da baki rufe take yi, a hankali. Dalili kuwa, duk wanda layinsa bai zauna masa ba, da ya ji karin waƙar sai ya bi shi bai sani ba. Tena sun fi kowa faɗawa wannan rami: sai ka ji suna rera karin sofrano da muryar maza, suna tsammanin jituwa suke yi. Alto kuma layinsu yakan tsaya a kan so ko do na tsawon awo da yawa, gajiya ta sa su ƙirƙiro nasu da kunne, suna bin sofrano a ƙasa taku biyu. A waƙoƙinmu na gida hakan na da daɗi, amma a waƙar da aka rubuta da murya huɗu yakan yi karo da tena.

Matsalar da ta fi cin lokaci ita ce zamewar murya. A fara a ki ɗaya, a ƙare rabin taku a ƙasa. Gwajinta ba wuya: a ba da do, a ɗauke hannu daga kibod, a rera baiti guda, a sake buga do. Kullum mi da ti ne ke fara faɗuwa, musamman wajen saukowa, domin mawaƙi yakan yi dogon taku in zai sauka, gajere in zai hau. Abin da ya yi aiki shi ne sauka daga do na sama zuwa na ƙasa a hankali sau 5 kafin a taɓa waƙa, da kuma hana kowa ja numfashi wuri ɗaya a dogon layi. Maƙwabta biyu su yi yarjejeniya, ɗaya ya ja, ɗaya ya riƙe.

Zaɓen ki ma ya shigo nan. Waƙar Stille Nacht, wadda aka fara rerawa a Oberndorf ta Ostiriya a 1818, tana tashi daga do na ƙasa har fa na sama. A ki na C sofrano na cijewa a wurin, shi ya sa aka sauke ta zuwa B flat. Awonta 6/8 ne, a ƙirga manyan bugu 2, ba ƙanana 6 ba, in ba haka ba ta yi ta jan ƙafa har numfashi ya ƙare kafin layi.

Sai kalmomin Hausa a kan karin da ba don Hausa aka yi shi ba. Idan sauti mai tsawo ya faɗa kan gaɓar da ta ƙare da baƙi, kamar farkon kalmar sarki, wasalin ake riƙewa, a ajiye r ɗin a ƙarshe, kowa lokaci ɗaya. A kalmar mala'iku kada a haɗiye tsayawar maƙogwaro, kuma ɓ da ɗ da ƙ su fito, don na kujerar baya ya ji saƙon haihuwar Mai Ceto.

Hunturu ya taɓa muryoyi a Disamba kamar kullum. An riƙa yayyafa ruwa a yi shara awa guda kafin koyo, kowa ya zo da ruwan ɗumi, an kuma rage koyon makon ƙarshe zuwa minti 60. A sujadar waƙoƙi da ta ranar Kirsimeti muryoyi huɗu sun tsaya. Inda aka samu tangarɗa shi ne makirufo ɗaya da ya tsaya gaban sofrano ya danne alto.

Abin da ke gaba: neman matasa maza don tena, buga takardun solfa tun Yuli, da roƙon dattawan ikilisiya su ƙara makirufo biyu. Gwajin murya zai fara a koyo na biyu na Janairu, kowa ya zo da littafinsa da fensir.

Kwamitin Ƙungiyar Mawaƙa