Zuwa ga aminina a Jidda, kan jikin Baba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya zafin Jidda? Mu nan Jos hunturu ya sauko sosai.

Na leƙa Baba a Unguwar Rogo bayan sallar Juma'a, jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Hannun dama ne dai ke rawa idan ya ajiye shi a cinya, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi, da ya miƙa zai ɗauki kofi kuma sai rawar ta lafa. Hajiya ta ce ka koka mata cewa ba ya maka fara'a idan kun yi kiran bidiyo, har kana zargin fushi yake da zamanka a can. Wallahi ba fushi ba ne, aikin cutar Fakinsin ne.

Duk shekara nakan ajiye wa ɗalibaina yankan tsakiyar ƙwaƙwalwa a faranti, wurin da tsawonsa bai wuce santimita 2 ba. Ko babu madubin ƙara girman abu za ka ga baƙin zane guda biyu, hagu da dama. Ƙwayoyin jijiya ne masu yin dofamin, sinadarin da suke aika saƙo da shi a cikin ƙwaƙwalwa. A yankan wanda ya rasu da cutar Baba, zanen ya koɗe, da kyar ido zai kama shi. Ƙwayoyin nan da maƙwabtansu masu yin dofamin duka ba su wuce dubu 400 zuwa dubu 600 ba, cikin ƙwayoyi kusan biliyan 86 na ƙwaƙwalwa.

Abin da ke sa ni tasbihi shi ne nisan da suke miƙa hannu. Daga baƙin zanen nan, kowace ƙwaya tana tura zare sama zuwa wani curi mai suna sitirayatom, inda ake ba motsi izinin farawa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa zaren ƙwaya ɗaya tak a jikin mutum, idan aka haɗa rassansa, ya haura mita 4, yana kuma taɓa wurare sama da miliyan 1. Ana ganin wannan nauyin na cikin abin da ke sa su saurin gajiya. Idan wasu sun mutu sauran sukan rufe giɓin shekara da shekaru, sai kusan rabi sun tafi kafin a ga alama. Motsin da mutum ke yi ba da tunani ba shi ke fara dushewa: ƙifta ido, lilon hannu a tafiya, murmushi. Fuska ma tsoka ce, aminina. Baba yana jin daɗin ganinka, saƙon ne ba ya isa ga kumatunsa.

Kusa da baƙin zanen, can wajen tsakiya, akwai wani rukunin da zarensa ke zuwa cibiyar kwaɗayi da himma, wani kuma bayan goshi, inda ake tsara shawara. A shekarun 1990 wani mai bincike, Wolfram Schultz, ya saurari ƙwayoyin dofamin a ƙwaƙwalwar birai. In aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, sai su zabura. Da ya koyi cewa wata alama ce ke zuwa kafin ruwan, sai zaburar ta koma kan alamar. In alamar ta zo aka hana ruwan, sai su yi tsit. Wato aikinsu sa rai ne da tashi neman abu. Cutar ba ta cin wannan rukunin kamar na farko, amma tana taɓa shi, shi ya sa Baba ya rage ɗokin zuwa Farin Gada duba dankali. Kada kowa ya kira wannan lalaci a gabana.

Maganin da yake sha, lebodofa, ya samo asali daga gwajin Arvid Carlsson na Suwidin a 1957, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. Dofamin kansa ba ya iya tsallakawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, lebodofa kuwa yana wucewa, ragowar ƙwayoyin su juya shi ya zama dofamin. Ba ya tayar da waɗanda suka mutu, kuma ba ya zaɓar hanya, duk yake bi. Don haka na ce da Hajiya, in ta ga ya fara ɓarnar kuɗi, ko yana ganin abin da babu, ta gaya wa likita a rage, kada a ce aljanu ne, kada kuma a yanke maganin farat ɗaya. Ya riƙa sha rabin awa kafin abinci, don nama da wake suna rage shigarsa. Maganin amai irin metokulofiramid kuwa a nisanta shi da shi, toshe hanyar dofamin yake yi.

Abu biyu nake roƙonka. Kuɗin magani ya riƙa isowa kafin na hannu ya ƙare. Sannan ka daidaita kiranka kamar awa guda bayan ya sha, lokacin jikinsa ya fi sakewa. In ka yi tambaya ka jira, kada ka amsa masa, maganar tana tafe.

Ni zan raka shi asibiti a wata mai kamawa, in sha Allahu, zan kuma sanar da kai abin da likita ya ce. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Allah Ya ba Baba lafiya.

Naka har kullum,
amininka na Gangare.