A Daina Cusa Ranar Ƙarewar Takardar Lamuni Cikin Gaisuwar Sallah

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana da 'yan'uwana ƙananan 'yan kwangila, da kuma dillalan inshorar da ke yankar mana takardar lamuni, wadda mu a bakinmu "bon" muke ce mata.

Shekarata 19 ina aikin gini, daga ajujuwa sai ɗakunan shan magani da kwalbatoci. Bara na samu aikin ajujuwa shida daga wata hukumar gwamnatin tarayya, na naira miliyan 48. Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san ba a sakar maka kuɗin kafin alƙalami sai ka kawo mai tsaya maka, ko banki ko kamfanin inshora. Haka dokar ba da kwangila ta 2007 ta ce. Lokacin da aka kafa dokar, iyakar abin da ake bayarwa kashi 15 cikin 100 ne na kuɗin kwangilar, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30. Ga kuma lamunin kammala aiki, wanda ba ya gaza kashi 10 na kuɗin kwangilar. Banki zai so ka ajiye masa kusan adadin da zai tsaya maka a kai, wanda da kana da shi ai ba ka je ba. Shi ya sa irinmu muke ƙarewa a wajen inshora.

Takardata wa'adin wata 12 aka sa mata, aikin kuma na wata shida ne, don haka ban ƙara waiwayarta ba. Na kai gini linta, na yi rufi, sai biya na biyu ya maƙale. Yau a ce fayil na wajen odita, gobe a ce oga ya tafi taro Abuja. Ina ta wannan sintiri, ashe wa'adi ya cika ban sani ba. Ranar da kuɗi suka fito, wani akawu ya juyo min da fayil ya ɗora yatsa a kan kwanan wata, ya ce, "Alhaji, ai bon ɗinka ya mutu tun mako uku."

Na nufi ofishin dillalina rai a ɓace. Yaron da ke kan kwamfuta ya ce ai sun sanar da ni, ya buɗe WhatsApp ya nuna min. Gaskiyarsa ne. Duk wata suna aiko da doguwar sanarwa: sun koma sabon ofishi, sun ɗauki sabuwar ma'aikaciya, sun sauya lambar asusu, ga barka da Sallah, ga hoton manaja. Can ƙasa, a layi na biyun ƙarshe, aka jera lambobin takardun da za su ƙare a watan. Lambobi kawai, ko suna babu. Mutumin da ke tsaye a kan leburori yana ƙirga buhunan siminti, yaushe zai karanta wannan har ƙasa? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku dillalai kun karɓi kamashonku, kiran waya ɗaya bai fi ƙarfinku ba.

Sabuntawar ma ba ta zo da sauƙi ba. Sai da kamfanin ya turo mutum ya ga inda aiki ya tsaya, na kawo wasiƙar ƙarin lokaci daga hukumar, na sake biyan kuɗin shekara guda cif. Kuma babu zancen "rubuta min, in an biya ni zan kawo", domin tun Janairun 2013 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta tsaurara ƙa'idar nan ta sai an biya kafin inshora ta fara aiki. Mako bakwai na ɓata. Kafin in koma kasuwa kuɗin fenti da silin sun tashi, birkilolina biyu kuma sun kama aiki a wani wuri.

Akwai abin da da yawanmu ba mu gane ba, ni ma sai da na girma a sana'ar. Wannan takarda ba kai take karewa ba, mai aikin take karewa. In ka gaza, kamfanin zai biya gwamnati, sannan ya juyo kanka ya karɓi kuɗinsa har sisin kwabo, don ka riga ka sa hannu a kan haka, wani lokaci har da jinginar takardun gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillali ne a kara. In ya tsaya wa mahauci ya ɗauki sa bashi, to duk ranar kasuwa sai ya leƙa rumfarsa, saboda wuyansa ne a ciki. Masu tsaya mana na yanzu sai ranar karɓar kuɗi kake jin ɗuriyarsu.

Roƙona ga dillalai: ku raba sanarwar sabuntawa da labaran ofis. Ku aiko ta ita kaɗai, da sunan aiki da ranar ƙarewa, kwana 30 kafin lokaci. Hukumar BPP mai sa ido kan ba da kwangilolin gwamnatin tarayya kuma ta dubi wannan: idan jinkirin biya daga ɓangaren gwamnati ne, da wane dalili ɗan kwangila zai ɗauki kuɗin sabuntawa shi kaɗai?

Na miƙa ajujuwan tun watanni huɗu, yara na karatu a ciki. Har yau hukumar ba ta rubuta wasiƙar sallamar lamunin ba, kamfanin kuma ya ce sai ya gan ta zai maido min da takardun gidana.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kwangila,
Tudun Wada, Zariya.