Ummi, kafin ki sa yarinyar nan a gasa

Assalamu alaikum Ummi, ya gida ya sanyin garin naku, ya maigidan da kishiyata?

Naji saƙonki na murya, kuma naji daɗi sosai da kika fita da ƙawayenki ranar Asabar, kuka ci abinci a waje kuka zaga gari sannan kuka koma gidan ɗayarku kuka kalli fim. Ki riƙe wannan fitar dan Allah, tunda kika koma Amurka daga aiki sai ɗaki, kuma mace a ƙasar da babu dangi ƙawayen kirki sune danginta.

Toh amma maganar da ta sa na zauna rubutu itace ta fim ɗin, na yaran da suke gasar harhaɗa haruffan kalmomin Turanci. Ƙaninki ya nemo min na kalla a kwamfutarsa. Yara 8 aka bi har gidajensu kafin gasar ƙasa ta 1999 a Washington, gasar da tun 1925 ake yinta. Kince tun a hanyar dawowa kika yanke shawara zaki samo jerin kalmomi ki fara yi wa 'yarki hadda kullum bayan makaranta, wai saboda 'yar ƙawarki ta fara. Shekararta 7 fa Ummi.

Nasan abinda ya ja ki, nima yarinyar Texas ɗin nan da mahaifinta ya tsallako daga Meziko yana kiwon shanu ko Turanci baya ji sosai, ta sa ni hawaye. Amma ki tuna ita ta ɗorawa kanta, da hannunta take rubuta kalmominta tana bita, babu wanda ya tsaya mata da bulala. Sannan ki tuna yaron da babansa yake masa dubban kalmomi a rana, har da malamai na musamman, ki sake kallon fuskarsa lokacin da yake tsaye gaban makirfo. Ni wannan fuskar na santa, na koyar da Turanci a firamare har nayi ritaya, yaron da yake karatu don tsoron kunyata iyayensa daban yake tsayuwa, kafaɗa a ɗage hannu yana murza gefen riga.

Kuma tsarin gasar babu sassauci, harafi ɗaya ka kuskure alƙali ya buga 'yar ƙararrawa shikenan ka sauka, yara sama da 200 ne a wurin bayan an tace su tun daga makarantu, kusan dukansu da ƙarar ƙararrawar nan suke komawa gida. Idan har yarinya zata shiga to sai ta san cewa ranar da aka buga mata, uwarta bazata canza fuska ba.

Abinda yafi burgeni kuma ban ji kin ambata ba, yaran basa faɗawa kalma kai tsaye, sai su tambayi ma'anarta, su ce a saka musu ita a jimla, su tambaya daga wane harshe ta fito, Latin ne ko Girkanci ko Faransanci, saboda Turanci aro ya yi ta ko'ina kuma kowane harshe da yadda yake jera haruffansa. Wannan fahimta ce, kuma daga yawan karatu take zuwa. Kamar musabaƙa ce a nan gida, kinsan mai hadda da ya san ma'ana ko ya kakare yana iya kamo zaren.

Don haka ki kaita laburaren unguwarku ki buɗe mata kati, kyauta ne ai, ta zaɓi littafin da take so da kanta, ki karanta mata da dare. Lokaci yana nan, ana shiga gasar har aji 8, Zaila Avant-garde da ta ci a 2021, baƙar fatar Amurka ta farko, shekararta 14 kuma ƙwallon kwando take bugawa sosai ba kalmomi kaɗai ba. In makarantarsu ta shirya ƙaramar gasa kuma ta ce tana so, sai ki taya ta.

Sannan Hausa, a waya rannan na tambayeta ya makaranta sai da kika fassara mata, abin ya tsaya min a rai wallahi. Ki riƙa yi mata a gida ke da babanta, kuma ki bani ita duk Lahadi in mata tatsuniya ko minti 10 ne.

Ki gaida maigidan, Babanku yana gaisheku. Allah ya yi muku albarka.

Mamanki